Bayan Masassarar Kaluluwa: Jawabi a Kan Rawar Jiki da Gajiyar da ke Biyo Baya



Jawabinmu na yau a kan wata cuta ne wadda ba kasafai ake ambaton sunanta a gidajen likitanmu ba, alhali kuwa takan bar wa wanda ta kama sawu mai daɗewa. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna ce mata mononukleyoz, waɗanda suka yi da Ingilishi kuma mononukiliyosis. Mu a nan za mu kira ta masassarar kaluluwa, domin alamunta na fili su ne masassara, ciwon maƙogwaro, kumburin kaluluwa a wuya, da kasala mai nauyi. Abin da za mu fi tsayawa a kai shi ne makonnin da ke biyo bayan zafin ciwon. Masassara ta sauka, maƙogwaro ya washe, dangi sun yi barka, amma mai jinya ya ɗauki kofin shayi sai ya ga hannunsa na rawa, ya miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe shi, ya yi ɗan aiki kaɗan sai ya wuni kwance. A nan ne hankali yake tashi, a nan ne kuma ake yawan yin kuskuren da ke ƙara wa mutum wahala. Muna so ku fita daga wannan jawabi kun san wace rawar jiki ce ake yi wa haƙuri, wace ce kuma ake garzayawa da ita asibiti.

Asalin cutar

Ƙwayar da ke haddasa ta bairos ce, kuma tarihin gano ta ya ratsa ta nahiyarmu. A 1958 wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, yana aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda, ya bayyana wata irin sankara mai kumbura muƙamuƙin yara. Daga naman wannan ƙari ne masu bincike uku a Landan, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong, suka hango ƙwayar a 1964, shi ya sa ake kiran ta bairos ɗin Epstein-Barr. A 1968 kuma, a birnin Filadalfiya na Amurka, Werner Henle da matarsa Gertrude suka tabbatar cewa ita ce ke jawo masassarar kaluluwa.

Fiye da mutum tara cikin goma na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita. Ta yawu take bi: kofi ɗaya, ludayi ɗaya, abincin da uwa ta tauna wa jariri, sumba. A ƙasashenmu yawancin yara suna ɗaukar ta tun suna goye. Wani bincike da aka yi a birnin Akra na Gana, aka buga a 1978, ya nuna mafi yawan jariran da aka bi sun kamu kafin su cika shekara biyu, kuma ba tare da wani ciwo na a-zo-a-gani ba. Wanda ya tsallake ta a ƙuruciya, ta same shi yana saurayi ko tana budurwa, shi ne yake jin jiki. Don haka aka fi ganin ta ga ɗaliban makarantun kwana da na jami'a da sauran matasa.

Daga shigarta jiki zuwa bayyanar ciwo akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Tana shiga cikin wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini, sai wani jinsin ya taso da yawa domin ya yaƙe ta. Wannan yaƙi na garkuwar jiki shi ne mafi yawan abin da mai jinya yake ji: kaluluwa ta kumbura, saifa ta ƙara girma, hanta ta ɗan ƙuna. Zafin ciwon yakan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu. Ƙwayar kuwa ba ta fita, takan kwanta a jiki har ƙarshen rayuwa, galibi ba tare da ta sake damun mutum ba. Babu allurar rigakafinta har yanzu, kuma magungunan kashe bakteriya ba su yi mata komai.

Kafin ku ce ita ce

Ƴan uwa, a yankinmu ba a yanke hukunci a kan masassara da ido. Duk mai masassara a fara yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya kuma suna iya zama mashaƙo, cutar da ta ɓarke a jihar Damagaram da kuma Kano a 2023, ta hallaka yara da dama. Idan kun ga wani farin yaɓi mai toka-toka ya lulluɓe maƙoshi, wuya ya cika, numfashi na ƙara, wannan ba abin jira ba ne ko na awa guda. Haka nan makonnin farko na kamuwa da ƙanjamau suna kama da masassarar kaluluwa ƙwarai, har likita ba ya rarrabe su sai da gwaji. Gwajin gaggawa na masassarar kaluluwa shi ma yana iya kasa gano ta a makon farko, don haka akan maimaita shi. Duk abin da za mu faɗa daga nan, ga wanda ma'aikacin lafiya ya duba ne, ya kawar da waɗancan cututtuka.

Rawar jiki iri-iri ce

Da baki ɗaya muke cewa jiki na rawa, amma abubuwa ne daban-daban, kuma kowanne da hukuncinsa.

Ta farko ita ce makyarkyatar sanyi, wadda haƙora ke kaɗawa, mutum ya nemi bargo, daga baya jiki ya ɗau zafi. Idan ta zo bayan masassarar ta riga ta sauka, kada ku ce tsohon ciwo ne ya dawo. Ku koma a yi gwajin sauro a ranar, domin wanda ke murmurewa daga wata cuta bai tsira daga cizon sauro ba.

Ta biyu ita ce siririyar rawar hannu, wadda ke bayyana idan an miƙa hannu, ko an riƙe cokali ko alƙalami ko wayar salula, ta kuma lafa idan an ajiye hannun a cinya. Ku sani kowane ɗan Adam yana da wannan rawa, sau takwas zuwa goma sha biyu a cikin daƙiƙa ɗaya, sai dai ta yi ƙanƙantar da ido ba ya ganin ta. Jinya ce ke fito da ita fili. Tsokar da ta yi mako biyu ko uku a kwance ta rage ƙarfi, don haka ɗan nauyi kaɗan sai ta yi ta ɓari, kamar yadda ƙafa ke yi bayan doguwar tafiya. Wanda maƙogwaro ya hana shi cin abinci ya rame, sukarin jininsa yana sauka da wuri. Barci ya rikice. Tsoro kuma yana sa jiki ya saki sinadarin firgita, wanda ke ƙara bugun zuciya da rawar hannu, sai mutum ya ga rawar ya ƙara tsorata, ita kuma ta ƙaru.

Ta uku ita ce motsin nama a ƙarƙashin fata: fatar ido ta yi ta rawa, ko sha-raɓa, ko damtse, kamar wani abu na tafiya a ciki. Wannan ƴan zaruruwan tsoka ne ke harbawa su kaɗai. Ana yawan ganin sa bayan cututtukan bairos, kuma gajiya da rashin barci da ƙarancin gishirin jiki bayan zufa ko zawo suna ƙara shi. Matuƙar gaɓar tana da ƙarfinta, ba ta shanye ba, ba ta kuma motse ba, wannan motsi ba ya nuna lalacewar jijiya.

Ta biyu da ta uku su ne mafi yawa, kuma sukan gushe a hankali yayin da ƙarfi ke dawowa. Akwai ta huɗu, wadda ba ta da yawa amma tana da haɗari, za mu zo kanta.

Abin da kuke sha yana da hannu

Kafin ku zargi cutar, ku dubi abin da ke shiga bakinku. Shayin fada mai kauri, musamman zubin farko, da goro, da Nescafé, da lemukan gwangwani masu sa kuzari, duk suna ɗauke da sinadarin da ke ƙara rawar hannu yana kuma korar barci. Mai fama da kasala yakan ƙara shan su don ya samu ƙarfi, sai ya sayi kuzarin awa biyu da barcin dare guda.

Magunguna ma haka. Salbutamol na masu asma yana sa hannu rawa. Kinin yana iya saukar da sukarin jini. Metoklopiramid, maganin amai, yana iya murɗe wuya da fuska da idanu, musamman ga matasa. Ƙwayoyin sa ƙiba irin su deksametazon, waɗanda masu tallar magani a tire ke sayar wa wanda ya rame, suna kawo rawar jiki da rashin barci, suna kuma raunana garkuwar jiki. Tramol yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wanda ya saba da shi kuma ya bari farat ɗaya jikinsa zai yi ta karkarwa. Amoksisilin da ampisilin, waɗanda ake yawan saye saboda ciwon maƙogwaro, sukan feso wa mai masassarar kaluluwa ƙuraje a duk jiki. Idan za ku wurin likita, ku tattara duk abin da kuka sha, har da na gargajiya, ku tafi da kwalayen.

Don ciwon jiki, farasitamol ya wadatar. Babba kada ya wuce giram 4 a cikin awa 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma idan hanta ta taɓu likita zai rage. Kada a ba wanda bai kai shekara 16 ba asfirin, saboda yana iya illata hanta da ƙwaƙwalwa a lokacin cutar bairos. Giya kuwa a nisance ta ɗungurungum.

Gajiyar da ta ƙi tafiya

Tambayar da kowa ke yi ita ce, yaushe zan koma yadda nake? Ga abin da bincike ya nuna. A yankin Dubbo na ƙasar Ostareliya an bi mutum 253 da suka yi masassarar kaluluwa ko wasu cututtuka biyu masu masassara. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna kimanin kashi 12 cikin 100 suna fama da gajiya da ciwon jiki bayan wata shida. A Shikago ta Amurka kuma an bi matasa 301 da suka yi wannan cuta, aka buga a 2009: kashi 13 cikin 100 suna da gajiya mai tsanani bayan wata shida, kashi 7 bayan shekara guda, kashi 4 bayan shekara biyu.

Darasi biyu ke cikin waɗannan alƙaluma. Na ɗaya, kusan tara cikin goma sun warware kafin wata shida, sauran ma adadinsu raguwa yake yi. Na biyu, wanda gajiyarsa ta daɗe ba ƙarya yake yi ba, ba kuma shi kaɗai ba ne. Tare da gajiyar akan samu ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, mantuwa da wuyar tattara hankali a karatu, barcin da ba ya wartsakarwa, da bugun zuciya ko duhun gani idan an miƙe tsaye.

Akwai wata siffa da ya kamata ku gane. Mai jinya ya tashi yau da ɗan dama-dama, sai ya ce bari ya rama abin da ya wuce shi: ya tafi kasuwa, ya yi wanki, ya buga ƙwallo. A ranar ba ya jin komai. Gobe ko jibi sai jiki ya rushe, ya koma shimfiɗa kwana uku. Wannan hawa da faɗuwa yana tsawaita jinya. Maganinsa shi ne awo. Ku nemi gwargwadon aikin da kuke iya yi yau ba tare da kun biya bashinsa gobe ba, ku tsaya a kansa kwanaki, har ranar da kuka ji ƙarfi kada ku wuce shi. Idan mako ya zagayo lafiya, ku ƙara kaɗan. Idan jiki ya yi ƙorafi, ku koma matakin baya. Kwanciya wuni zubur ita ma tana ƙara narkar da tsoka, don haka ko zagayen tsakar gida ne a yi shi da sanyin safiya ko na maraice. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Ku ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ku bari yunwa ta kai ku ga karkarwa: kunu, fura da nonon da aka tafasa, wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, zogale, dabino, ayaba. Ku yawaita ruwa, balle a bazara. Idan za ku tashi daga kwance, ku fara zama na ɗan lokaci tukuna. Ku tsayar da lokacin barci da na tashi, barcin rana kuma ya zama gajere. In watan azumi ya riske ku cikin wannan hali, ku tuntuɓi likita da malami, domin addini ya yi wa marar lafiya sauƙi.

Saifa: haɗarin da ba ya sallama

Kimanin rabin masu wannan cuta saifarsu takan kumbura. Tana gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma idan ta kumbura fatarta takan yi laushi. Fashewarta ba ta da yawa, ba ta kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, amma idan ta auku jini ne ke zuba a cikin ciki, kuma rai na iya salwanta cikin awoyi. An fi ganin haka a makonni uku zuwa huɗu na farko, daidai lokacin da saurayi ke jin ya warke.

Saboda haka, aƙalla wata guda daga ranar da ciwo ya fara, babu kokawa, babu dambe, babu ƙwallo, babu dakon buhu, babu daka, babu jan guga mai nauyi. Doguwar tafiya a kan kabu-kabu bisa hanya mai gargada ita ma a jinkirta ta in da hali. Ɗan kokawa ko ɗan dambe ya jira izinin likita, in akwai hoton ciki, wanda ake kira eko, a duba saifar tukuna. Kada a danna cikin, kada a murza shi, kada a yi masa tsaga ko lalas. Haka kuma kada a kai mai ciwon maƙogwaro a cire masa belu, domin ba belun ne ke ciwo ba, kuma yankan yana jawo zubar jini da shigar wata cutar.

Alamun da ba a kwana da su

Ga ta huɗun da muka yi alkawari. A wasu ƴan ƙalilan cutar takan taɓa ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi, ko wata gaɓa ta ciki. Ku tafi asibiti nan take, dare ko rana, idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Rawar hannu mai ƙaruwa idan an kusa taɓa abu, tare da tangaɗi a tafiya ko harɗewar harshe.

Rauni ko dindiris da ya fara daga tafin ƙafa yana hawa sama cikin kwanaki, ko karkacewar baki, ko gani biyu-biyu. Yaron da bai kai shekara 15 ba, in wata gaɓarsa ta saki farat ɗaya, dole a sanar da ma'aikatan lafiya domin a bincika shan inna.

Ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ruɗewa, jijjiga, ko barcin da ba a iya tayar da mutum. Mu da ke zaune a yankin sanƙarau mun san darajar awa guda a nan.

Ciwo mai tsanani a hagun ciki ko a kafaɗar hagu, tare da jiri, zufa mai sanyi ko suma.

Wuyar numfashi, ko kasa haɗiye yawu.

Idanu sun yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu, ko jini na fita daga dasashi ko hanci ba dalili.

Akwai kuma alamun da ba na gudu ba, amma na komawa likita cikin mako: kaluluwar da ta wuce wata guda tana ƙara girma ko tauri, zufar dare, rama, tari mai daɗewa, ko rawar hannu tare da faɗuwar gaba da jin zafi da kumburin maƙoƙo. Idan gajiya ta kai wata uku ba sauƙi, ku nemi a auna yawan jini, sukari, hanta, ƙanjamau, tarin fuka da aikin maƙoƙo. Ƙarancin jini ya yawaita a cikinmu, musamman ga mata, kuma yana da magani.

Takardarku ta tsallaka iyaka tare da ku

Da yawanku kuna jinya a gefe biyu. An duba mutum a Maraɗi, ya ƙarasa a Katsina. An fara a Ƙonni, an koma Sakkwato. An gwada a Kusseri, an sayi magani a Njamena. Likita na biyu bai san abin da na farko ya yi ba, sai a sake maganin sauro karo na uku, a sake allurai, kuɗi su ƙare, jiki ya ƙara galabaita. Ku riƙe karnenku ko katinku na asibiti kamar yadda kuke riƙe katin shaida. Ku sa a rubuta muku ranar da ciwo ya fara, gwaje-gwajen da aka yi da sakamakonsu, da ainihin sunan kowane magani, domin sunan kamfani yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. A takardun Faransanci za ku ga an taƙaita sunan cutar da haruffa uku, MNI. A na Ingilishi gwajin gaggawar ana rubuta shi Monospot. Abu ɗaya suke nufi. Ku ɗauki hoton takardun a waya, ko da ruwa zai jiƙa su a hanya.

Zuwa ga iyaye, mazaje da malaman makaranta

Mai murmurewa daga wannan cuta fuskarsa ba ta nuna ciwo, shi ya sa ake saurin ce masa raggo. Ɗalibi ya kasa zama aji wuni guda, a ce wasa ya sa gaba. Amarya ta kasa surfe da ɗibar ruwa, a ce son jiki ne. Irin wannan magana tana tura yaro ya yi abin da ya fi ƙarfinsa don ya wanke kansa, sai ya koma baya. Ku rage masa aiki na ɗan lokaci. Malamai su yarda da rabin wuni, su ɗage masa wasannin motsa jiki, in jarrabawa ta matso a zauna da iyaye a nemi mafita tun da wuri. Wasu kuma idan sun ga hannu na rawa sai su ce iska ce ko sammu. Ku yi addu'a, ita ce takobin mumini, amma ku haɗa da zuwa likita, kada a turara marar lafiya da hayaƙi ko a ɗura masa jiƙe-jiƙe alhali hantarsa na neman hutu.

Ba a ware shi daga iyali, tunda kusan kowa a gidan ya riga ya gamu da ƙwayar. Ya isa ya keɓe kofinsa da cokalinsa da asuwakinsa na wasu makonni, kada kuma ya tauna wa jariri abinci. Ku lura da zuciyarsa. Doguwar jinya tana kawo baƙin ciki da ɗebe tsammani, kuma idan ya daina magana da mutane, ko ya fara cewa rayuwa ba ta da amfani, wannan ma ciwo ne da ake kaiwa wurin ma'aikacin lafiya.

Ya ku masu jinya, ku riƙe waɗannan. Siririyar rawar hannu da motsin nama, matuƙar ƙarfin gaɓa yana nan, sawun cuta ne mai gushewa. Ku rage shayi da goro, ku bar maganin tire, ku ci, ku sha ruwa, ku auna aikinku. Ku kare saifarku wata guda. Kada ku gwada yau da jiya, ku gwada wannan mako da wanda ya wuce, a nan ne za ku ga ci gaba. In kuwa ɗaya daga cikin alamun haɗari ta bayyana, ku kama hanyar asibiti da takardarku a hannu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.